Makulli a Aljihun Tsinke

A layin kanikawa, tsakanin shagon mai walda da rumfar mai faci, akwai wani bakanike da kowa ke kira Tsinke. Wanda ya gan shi ba sai ya tambayi dalili ba: dogo ne siriri, in ya sa rigar aiki sai ka ce a ƙusa aka rataye ta. Aikinsa babu ƙorafi. Abu ɗaya ake yi masa dariya a kai, shi ne tsoron shiga ƙarƙashin mota.

Ba ya ɓoye tsoron, kuma yana da dalilinsa. Yana saurayi jak ya zame da maigidan da ya koya masa aiki, motar ta sauko wa mutumin a ƙirji. Tsinke na cikin waɗanda suka ɗaga ta, bai kuwa taɓa ba da labarin abin da ya gani ba. Tun daga ranar, kafin ya kwanta ƙarƙashin kowace mota sai ya yi wani shiri mai ƙure haƙurin masu gaggawa. Ya jera gumagumai ya sauke motar a kansu. Ya tokare tayoyin baya da duwatsu. Ya sa kafaɗa ya jijjiga ta kamar mai neman ta da faɗa. Daga ƙarshe ya miƙa hannu a ba shi makulli, ya jefa a aljihun wandonsa.

"Tsinke, ka manta ba ka ɗaure ta da igiya ba," haka mai faci ke tsokanarsa daga rumfa.

"Bari taya ta fashe maka a fuska, za ka zo aron tsoro," in ji shi, yana shimfiɗa kwalinsa.

Matarsa ce kaɗai ba ta dariya. Ta san ba shi da wata sana'a, ta kuma san bakaniken da ba ya shiga ƙarƙashi rabin bakanike ne. Da wannan kwanciyar da yake tsoro ake ɗora tukunya a gidansu.

Wata safiya mijin ƙanwarsa ya shigo da tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda yake tuƙawa da kansa yana jigilar bulo da ita. Direban mutumin kirki ne, sai dai rawar jiki ta yi masa yawa. Irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin ana aiki ba su tsoma hannu ba.

"Yaya, motar nan za ta ga bayana," in ji shi. "Shan mai kamar tana gasa da wani, ga baƙin hayaƙi, ga wata fitila a gabana ta ƙi mutuwa."

Tsinke ya saurari injin, ya shinshina hayaƙin, ya jona ɗan abin awonsa. Ya ce sensa ce ta mutu. Wani ɗan ƙarfe ne mai kama da fulogi, da waya a bayansa, an ɗaure shi a jikin bututun salansa. Shi ke ɗanɗana hayaƙi ya gaya wa injin yawan man da ya kamata ya sha. In ya mutu, sai injin ya yi ta zuba mai babu lissafi.

Kafin direban ya je ya dawo da sabuwa, motar ta huce sarai. Tsinke ya yi shirinsa kamar kullum. Birkin hannun motar ya daɗe da mutuwa, don haka ya bar ta a giya, kada ta gangara. Ya karɓi makulli ya sa a aljihu, ya yi bisimilla ya zura jiki.

Motar ta tsufa har ta duƙa, ko da aka ɗaga gabanta ƙarfen bai fi taƙi ɗaya daga hancinsa ba. Ya cire wayar, ya fesa mai a gindin sensar, ya sa sifana. Ko motsi. Tsatsa ta haɗa ta da bututun sun zama abu ɗaya. Ya zura wa sifanar dogon bututu don ya sami ƙarfi, ya ja. Duk jan da ya yi sai motar ta yi ƙara a samansa, ƙura ta zubo masa a ido. Ya sha jin irin wannan ƙarar, amma bai taɓa sabawa da ita ba.

"Ta ƙi ko, Yaya?" direban ya leƙo.

"Ta ƙi. Da bututun da ɗan ɗumi, da tuni ta saki."

Da kansa yake magana, amma direban ya ɗauka umarni ne a tayar da injin don bututun ya yi ɗumi. Abin da Tsinke bai sani ba shi ne wurin makullin motar ya cinye tun tuni, da bakin sukundireba ma tashi take. Direban kuma, don kada ya hau ya ƙara wa gumaguman nauyi, sai ya tsaya a waje ya zura hannu ta taga. Wanda ke tsaye a waje kuwa ba shi da ƙafa a kan kuloci.

Daga inda yake kwance Tsinke ya ga takalman sun bar gefensa sun nufi ƙofar direba. Ya ji ƙarfe na karce ƙarfe. Hannunsa ya kai aljihu, ya ji makullin na nan. Sai a lokacin ya gane. Kafin ya buɗe baki, direban ya murɗa.

Motar ta yi tsalle gaba, ta bugi duwatsun, ta mutu. Gumaguman suka kife. Ta sauko kan tayoyinta gaba ɗaya, wuri ya yi duhu, wani ƙarfe mai sanyi ya kwanta masa a ƙirji. Ya ja numfashi ya ji ya tsaya a rabi. Ya sake ja, ya tsaya a wuri ɗaya. Bai ji zafi ba, wannan ne ma ya fi firgita shi, don ya tuna maigidansa ma bai yi kuka ba. Yana jin gudun ƙafafu, yana jin mai walda na kiran mutane, duk kamar daga wani gida can nesa.

Maza suka taru suka ciccibi gaban motar, mai faci ya kama ƙafafunsa ya fizgo shi. Aka dudduba shi. Riga ta yage, fatar ƙirji ta kuje, amma babu ƙashin da ya karye. Da mai jiki ne da wani labarin ake yi. Direban kuwa ya zube a ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Yaya, na kashe ka. Me zan je in ce wa ƙanwarka?"

"Ga ni zaune, kai kuma kana kashe ni," in ji Tsinke.

Mai walda ya miƙo ruwa, rabi ya zube a cinyar Tsinke. "Tashi ka tafi gida," in ji shi. "Zan samo wanda zai ƙarasa."

Tsinke ya dubi ɗan duhun da ke ƙarƙashin motar. Yana so ya tafi gida fiye da yadda ya taɓa son komai. Amma ya san kansa. In ya bar wurin nan yau bai koma ba, gobe zai sami uzuri, jibi ma haka, har ya wayi gari yana canza wa mutane fitila da mai kawai, matarsa na kallonsa.

"Ku ɗaga ta," in ji shi.

Ba wanda ya yi tsokana. Ya sake jera gumaguman, ya buɗe gaban motar ya cire kan batir. Ya ce wa direban ya tsallaka titi ya zauna can, kada ya taɓa ko tsinke. Ya durƙusa a bakin kwalin ya daɗe. Sannan ya rufe ido ya shiga.

Faɗuwar ta danne bututun sifanar, sensar ta saki, da yatsu ma ya ƙarasa kwance ta. Ya shafa wa sabuwar maiƙo a zare, ya fara ɗaurawa da hannu kada ta hau a karkace. Sau da yawa ta kuɓuce ta faɗo masa a wuya, ya lalubo ta ya sake. Ya matse ta da sifana, ya jona wayar har ya ji ta kama.

Aka yi ta jiransa, bai fito ba.

"Tsinke?" mai faci ya sunkuya. "Akwai saura?"

"Na gama."

"To fito mana."

Ya ga Tsinke kwance idonsa a kan ƙarfen, hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Ku ja ni," in ji shi a hankali. "Ƙafafun sun ƙi."