Wutar Maccido Mai Ɗinkin Buhu

Duk wanda ya san kasuwar Illela ta ɓangaren 'yan hatsi ya san rumfar Maccido, ko da bai san sunan mai ita ba. 'Yar rumfa ce mai rufin tsohon kwano, a jingine da bangon wani sito. A nan yake wuni da basilla da ƙullin zare, yana ɗinke buhun da ɓera ya huda ko ƙugiyar 'yan dako ta yage. Mutumin Tozai ne. Ya shigo gari da ƙuruciyarsa da niyyar cin rani ɗaya, sai ga shi furfura ta same shi a kan buhunan mutane. Matarsa Atika ta daɗe da rasuwa. 'Yarsu ɗaya tilo, Shafa'atu, tana aure a Sakkwato, takan kira shi ran Juma'a idan ta sami kati. Ɗakin da yake haya a bayan tasha ba kowa a ciki sai shi da buta da wani rediyo da ya fi shi surutu.

Ba wai mutane sun ƙi shi ba ne, Maccido ne bai iya hira ba. In ka gaishe shi zai amsa har da tambayar iyali, daga nan kuma zance ya ƙare, sai ka ji kamar ka tsare shi da aiki. Irin mutanen nan ne da ake mantawa da su wajen rabon goron suna, sai an watse wani ya ce, "Af, ba a kai wa Maccido ba." Shi kuma ba zai taɓa ɗaga maganar ba.

Abu biyu gare shi a duniya bayan 'yarsa: taba, da Isma'ila. Tabar tun yana saurayi suke tare. Isma'ila kuwa direba ne mutumin Ƙonni, can tsallaken iyaka, mai wata tsohuwar akori-kura da ke shigo da wake da albasa kowace Lahadi. Wata rana can baya ya tsaya a bakin rumfar da karan sigari a baki, yana shafa aljihunsa na dama da na hagu, ya ce, "Malam, ba ni wuta." Maccido ya miƙa masa ashana. Lahadi ta zagayo, ya sake zuwa yana shafa aljihu. Tun daga nan abin ya zama ƙa'ida. Isma'ila zai zauna a kan tarin buhuna, su kunna, ya yi ta ba da labarin hanya da taya da 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, da tsadar kuɗin sefa, Maccido yana ɗinki yana cewa, "Ikon Allah." Da kara ya ƙare sai ya miƙe yana kaɗe riga.

"Kai kullum kamar ka zo ɗibar wuta," in ji Maccido.

"To mi niz zo ɗiba?" in ji Isma'ila.

Wannan ce kaɗai barkwancin da ke tsakaninsu, kuma shekaru suka yi ta tafiya ba ta tsufa ba. Maccido bai taɓa kiran mutumin nan aboki a bakinsa ba. Amma duk ran Asabar sai ya girgiza kwalin ashanarsa ya ji, in ya ji ya yi sauƙi ya sayi sabo.

Sai tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Shafa'atu ta ji shi a waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, kai ɗai gare ni hwa." Maganar ta tsaya masa a rai. Ya gwada dainawa da goro, ya gwada da minti, ya gwada da rantsuwa, duk taba ta ci su. Ana cikin haka toka ta faɗo masa a kan sababbin buhunan wani Alhaji Dabo ta huda uku, ya sha faɗa a gaban mutane kamar yaro.

Usama, mai shagon waya da caja a bakin layin, shi ya kira shi. Cikin kayansa har da abin nan da samari ke zuƙa, wanda wasu ke ce wa shishar aljihu, wasu tabar caji. Ba ta da toka, ba ta son ashana, ruwa ake zuba mata ta mai da shi tururi. Usama ɗan kasuwa ne na gaske, in ya so zai sayar wa makaho madubi. Ya shimfiɗa wa Maccido iri-iri a kan gilashi.

Ya fara da masu launi kamar alawa, masu ƙamshin mangwaro da kankana. "Wagga ba ruwanka da wahala, Baba. Ka sha, in ta ƙare ka yas, ka ɗau wata."

Maccido ya dube shi kamar ya zage shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara abin da wasu za su jefar, shi za a ce wa ya saya ya yar?

"Abin da anka saye da kuɗɗi a yas? Maida ta."

Usama ya fito da wata ƙatuwa mai nauyi, mai ɗan allo da ke nuna lambobi, ya faɗi kuɗinta. Maccido ya ce in zai sayi tunkiya gara ya sayi mai haihuwa. Sai aka zo kan wata baƙa siririya, ba ado ba komai, wadda ake ƙara wa ruwa, a canza mata wani ɗan lagwani da ake kira koyil idan ya ƙone. Nan ya tsaya. Ya yi ta tambaya kamar mai sayen jaki. Me ke fara mutuwa a jikinta? In ya mutu ana samunsa a nan, ko sai an aika Sakkwato? Cajar wayarsa za ta shiga? In Usama ya yi tafiya, wa kuma ke sayar da ruwan? Ya tafi bai saya ba, ya dawo washegari ya sake tambayoyin daga farko, don ya ji ko amsa za ta canza. Da ba ta canza ba ya saya, da kwalbar ruwa ɗaya mai ɗanɗanon taba, da koyil ɗaya na ajiya. Mai ƙamshin mangwaro kam ya ce a bar wa masu zuwa zance.

Usama bai haƙura ba. Ya ɗauko gidanta na roba, ya ɗauko sarƙar ratayawa, ya ɗauko fawabank, wato batirin nan da ake tara caji a ciki. Maccido ya ce a'a, a'a, a'a. Ya koma rumfa ya ɗinka mata 'yar jaka da ƙyallen buhu, har da zaren zugewa. Ya koyi halinta kamar yadda ya koyi halin basilla. Ba ya barinta a rana. In ya sa sabon koyil sai ya bar shi ya jiƙu kafin ya zuƙa, kuma ba ya ja in ruwa ya yi ƙasa. Koyil ɗin da samari ke ƙonawa cikin mako shi sai ya kai shi wata. Ba magani ba ce, mai kemis ma ya gaya masa an gudu ne ba a tsira ba. Ko tarin ya lafa saboda ita ne ko don sanyi ya wuce, Allah masani. Amma toka ta daina huda buhu, Shafa'atu kuma ta daina yin shiru a waya.

Wanda ya fi ɗokin nuna wa shi ne Isma'ila. Har ya shirya yadda zai yi. Karo na farko a rayuwarsa Maccido ya ƙirƙiri wasa da kansa, kuma da ma ya bari.

Lahadi ta zo, Isma'ila ya tsaya da kara a baki yana shafa aljihu. "Maccido, ba ni wuta."

Maccido ya ɗaure fuska, yana danne dariya a ciki. "Ban da wuta. Na bar aje wuta."

Nufinsa ya zaro 'yar jakar ya ce ga abin da ya gaje ta. Amma zaren ya ƙulle, ya sunkuya yana fama da shi, bai ga fuskar Isma'ila ba. Abin da Isma'ila ya gani shi ne mutum ya hana shi wuta ya kuma sunkuyar da kai. A ƙasar nan kuwa ba a hana wuta. Ko gidajen da ba sa ga maciji, yarinya takan shiga da kasko ta ɗebo garwashi, ba mai ce mata kanzil. In ka ji an ce ko wuta ba a ɗiba tsakanin wane da wane, to magana ta ƙare. Isma'ila ya ɗauka mutumin ya tuba ne, ya shiga sahun masu toshe hanci in mai taba ya wuce. Ya zare karan daga bakinsa ya ce, "To, madalla. Allah shi ƙara shiriya." Kafin zaren ya kwance ya shige cikin 'yan dako.

Da wani ne, da ya bi shi da gudu. Maccido bai iya bin mutum ba. Ya ce Lahadi mai zuwa zai yi bayani. Lahadi ta zo, akori-kurar ta wuce can ƙarshen kasuwa wajen 'yan albasa ta tsaya. Ta gaba ma haka.

Nan ne ya gane ashe mako nasa ba kwana bakwai ba ne, kara ɗaya ne na sigari, sauran duk jira ne. Yanzu Lahadi ta zama kamar Talata. Yakan zuƙi abarsa shi kaɗai, tururin ya tashi ya ɓace ko wari bai bari ba. Ba wanda zai ce rage mini, ba wanda zai tsaya ya tambaye shi komai sai kuɗin ɗinki. Ran Asabar hannunsa yakan tafi aljihu neman kwalin da zai girgiza. Kewa ta kama shi ƙwarai, irin wadda bai ji ba tun bayan da aka watse daga zaman makokin Atika.

Ga kuma wata wahalar. Abar tana son caji, wutar gari kuwa sai ta ga dama. Sau da yawa takan mutu masa da rana tsaka, ya bi shaguna yana tambaya, "Akwai wuta?" Shi da ake roƙo, ya koma mai roƙo. Usama ya ga ƙofa ta buɗe.

"Baba, na hwaɗa ma tun farko. Ɗauki fawabank. In kana da shi ba ka ƙara roƙon wutar kowa har abada."

Wannan karon Maccido ya ga akwai hujja. Ya ce a ajiye masa, zai karɓa ran Lahadi in ciniki ya faɗa.

A Lahadin nan aka aike shi da buhuna can wajen 'yan albasa. Ya sauke, ya juyo, sai ya hango Isma'ila zaune shi kaɗai a inuwar motarsa. Maccido ya raɓe bayan wani tarin kaya. Yana kallo Isma'ila ya sa kara a baki, bai shafa aljihu ba, bai dubi kowa ba. Ya jawo wata igiyar fata da ke rataye a ƙugunsa, a ƙarshenta ga abin kunna wuta na ƙarfe, wanda mutanen Ƙonni ke ce wa birike. Tsoho ne, hannu ya goge shi har ya yi fari. Igiyar nan Maccido ya san ta. Tun ranar farko yake ganinta tana shiga aljihun Isma'ila, ya ɗauka makulli ne ko laya.

Ashe duk shekarun nan mutumin yana da wutarsa.

Maccido ya daɗe a tsaye. Kunya ta kama shi, da wani daɗi mai ciwo, don bai taɓa zaton akwai wanda zai ƙirƙiri dalili don kawai ya zauna kusa da shi ba. Ya koma shagon Usama. Usama ya ɗora masa fawabank a hannu yana yabon ƙarfinsa. Maccido ya auna nauyinsa, ya juya shi, ya ajiye a kan gilashi.

"Bar shi tukun."

"Baba, kuɗɗin ne? Sai in rage ma."

"Ba kuɗɗin na ba."

Ya biya ta teburin mai goro ya sayi wani ɗan abu ya sa a aljihu. Sannan ya ratsa kasuwa tun daga wannan ƙarshe har wancan, 'yar jakar a hannunsa, zarenta a kwance tun daga rumfa. Isma'ila ya gan shi tafe, ya kau da kai wajen taya. Maccido ya tsaya a gabansa, ya zaro baƙar abar da igiyar cajarta, ya miƙa.

"Isma'ila, ba ni wuta."

Isma'ila ya dubi abar, ya dubi mai ita. "Mi na wanga?"

"Taba ta, ta caji. Ita nis so in gwada ma rannan, zare yaƙ ƙulle, kat tahi. Ta mutu tun hantsi."

Isma'ila ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya shinshina. Ya miƙe ya buɗe ƙofar motar, ya murɗa makulli kaɗan, ya zare wayarsa daga inda take caji ya sa tabar Maccido. Wata 'yar jar fitila ta kama a jikinta.

"Mu can kuran muka ce ma lantarki," in ji shi, bai juyo ba.

"Mu nan wuta ta."

"Tana daɗewa kahin ta cika?" in ji Isma'ila.

"Ƙwarai. Wagga ba a ɗibar ta tsaye."

Isma'ila ya jawo wani buhu daga bayan kujera, ya kaɗe, ya shimfiɗa a inuwa. "To zamna."

Maccido ya zauna. 'Yan dako suna ta wucewa da kaya. Can Isma'ila ya zaro wani karan ya sa a baki. Igiyar fatar tana nan a ƙugunsa, kowa yana ganinta. Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu.

Maccido ya ciro sabon kwalin ashana ya miƙa masa.