Sabon Kwano a Gidan Musaddiq

Murjanatu 'yar garin Babban Mutum ce, aure ya kawo ta Daura. Da suyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa unguwa ta san ta. Mijinta Musaddiq direba ne, yana jigilar kaya zuwa Kongolam. Wajen sabunta inshorar motarsa aka lallashe shi har ya sa gidan ma. Da ya gaya mata dariya ta yi, ta ce, "Shi ma gidan hawa titi zai yi?"

Wata guguwa ta zo a farkon damina, bayan la'asar. Ta yaye kwanon ɗakuna biyu ta watsar a bayan gida. Musaddiq ya fita da gudu don ya kwance awakin da ke ɗaure a gindin katanga, katangar ta rufto masa. Awakin ba abin da ya same su.

Murjanatu ba ta yi kuka ba. Mata na shigowa suna cewa, "Ya haƙuri?" tana cewa, "Da godiya," idonta na kan ƙafafunsu.

Bayan sadakar bakwai, Lawal, yayan marigayin, ya shigo da wani matashi mai suna Anwar, wanda kamfanin inshorar ya turo daga Katsina ya duba ɓarnar. Anwar ya yi ta'aziyya, ya zagaya yana ɗaukar hoto da waya, sannan ya tsuguna nesa da tabarmarta.

"Hajiya, a yi haƙuri da tambaya. Katangar nan ta tsage kafin iskar?"

"Ban duba ba."

"Bayan ginin, akwai abin da aka rasa?"

Lawal ya sunkuyar da kai. Anwar ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ita kuwa tunani ta yi sosai, kamar mai son ta ba da amsa daidai.

"Tulu ɗaya ya fashe," ta ce.

Aka yi ta je ka ka dawo har gero ya fara fitar da kai. A ƙarshe kamfanin ya yarda zai biya kuɗin rufi, ya ce katangar ta ƙasa ce kuma ta tsufa, ba ta cikin yarjejeniya. Lawal ya fusata, ya rantse sai ya je Katsina da kansa.

"Yaya, ka bar su," ta ce. "Ni duk ɗaya ne."

Kafintoci suka zo tana cikin takaba. Ta wuni tana jin ƙarar guduma, ba ta ɗaga kai ba. Inda katangar take aka kafa zana.

Ranar da ruwa ya sauka a kan sabon kwanon, 'yarta Raihana ta leƙa ɗakin babanta ta dawo da murna.

"Umma, ko ɗigo babu!"

"To," in ji Murjanatu. "Ja ƙofar."