Motar da Ta Tare Lungun Hindawiyya

A shekarar 1981 na fara sanin Na'ibi, a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda. Ina akawun sito na huɗu, shi kuwa yana tuƙa motar ɗaga kaya. Ɗan garin Mai Wurno ne, a Sudan, dogo, mai ƙarancin magana. Tun a lokacin yana da hali guda da ya gajiyar da duk wanda ya zauna da shi: ba ya faɗin abin da yake shiryawa sai ya gama. In ka tambaye shi, amsar ba ta wuce, "Ana kai."

A 1984 wani akwatin kaya ya karya masa ƙafa, saura kwana tara mahaifiyarsa ta sauka don aikin hajji. Tsohuwar ba ta iya doguwar tafiya. Abdulghaffar, abokin aikinsa kuma maƙwabcinsa a unguwar Hindawiyya, shi ya goya ta a bayansa, ya yi ɗawafi da ita, ya yi Safa da Marwa, ya dawo da ita gida lafiya. Na'ibi yana kwance da filasta ya ce masa madalla, bai ƙara ko kalma ba. Matarsa Mastura, wadda a lokacin amarya ce, ta ji kunyar gajartar wannan godiya har ta yi kwana bakwai tana aika tuwo gidan Abdulghaffar.

Da Na'ibi ya bar tasha sai ya koma direban kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa kan takardar zama, Abdulmohsen. A 2019 mutumin ya sayi irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da makewayi, ya kwashi iyalinsa suka yi Kuwait, suka yi Dubai, suka je suka sha damina a Salala ta Oman. Na'ibi ne a kan sitiyari, wata huɗu da kwana goma sha ɗaya.

Mastura ta ƙirga kwanakin nan ɗaya ɗaya, domin autarsu Mansura ta dawo gida goyon ciki. Ranar Alhamis ta haihu, ranar Juma'a bayan la'asar maigidan ya iso. Mastura ta ɗauka a tasi zai zo kamar kowa. Sai ta ji lungu ya kaure da hayaniya. Da ta leƙa, sai ga motar Abdulmohsen tana shigowa da baya, an naɗe madubanta, tana goga igiyoyin shanya. Faɗin lungun mita uku ne da ɗan kai, motar kuwa biyu da rabi. Minti arba'in ya ɗauka yana shigar da ita, kuma bai ma kawo ta ƙofar gidansa ba. Saura gida uku ya kashe ta, daidai ƙofar Abdulghaffar.

Tsarabar wata huɗu kuwa, gwangwanin alewar Oman ɗaya da ƙunshin turaren lubban. Matar Abdulmohsen ce ta gaya wa Mastura a waya cewa an ce wa Na'ibi ya zaɓi tukuicinsa, shi kuwa ya ce aron motar yake so na kwana goma.

Duk wannan da sauƙi. Maganar ruwa ce ba sauƙi. Lungun nan bai taɓa dogara da famfo ba; tankar ruwa, wadda ake ce wa wayit, ita ke shigowa ta cika wa kowane gida tankinsa, kuma ƙofar lungun ɗaya ce. Ranar Asabar wayit ta zo, direban ya ga hanya a toshe, ya ja tiyonsa iya tsawonsa, ya rage kusan mita ashirin ya kai gidan Na'ibi. Ya naɗe abinsa ya tafi. A lokacin Na'ibi ya riga ya ciro ƙofar gefen motar ya jingine da bango, ya cire batir saboda walda, yana ta aune-aune da tef.

"Abu Mus'ab," in ji Mastura, tana kiransa da sunan babban ɗansu, "'yarka wankan jego take yi. Tukunya biyu da safe, biyu da yamma. Da me za ta yi, da lubban?"

"Ana kai, Ummu Mus'ab."

"Shekara talatin da biyar ke nan nake jin wannan amsar."

Ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce ta ɗan matsa, ta tare masa haske.

Ba wankan kaɗai ke cin ta ba. Ranar Alhamis suna. Surukan Mansura za su zo daga unguwar Mahjar, mata sun fi sittin, ga kayan cikin rago da za a wanke, ga shinkafa, ga alwalar jama'a. Uwar mijin kuwa mace ce da za ta duba jikin mai jego ta gane ko an yi mata wanka yadda ya kamata. Babban ɗansu Mus'ab, in ya taso daga aiki, sai ya yi ta jigilar jarkoki daga bakin titi, yana raɓawa ta gefen motar a kaikaice. Tankunan maƙwabta su ma suna ta yin ƙasa. Ikilima ta gidan kusurwa, da ta shigo barka, ta ɗauki jaririn ta yi addu'a, sannan ta ce, "Hajiya, mun ga Alhaji ya samo gida mai taya. Filin ne dai bai samo masa ba." Matan ɗakin suka yi dariya, Mastura ma ta yi, amma yaƙe ne.

Abin da ya fi ba ta kunya shi ne gidan da aka tare wa ƙofa. Shekara shida ke nan ɓarin jikin Abdulghaffar ya shanye. Ba ya iya zama a miƙe fiye da ɗan lokaci, maganarsa ma sai ɗaya ɗaya, ga shi an kawo masa guduma da walda har bakin ƙofa. Ranar Litinin ta shiga ba matarsa Ruba haƙuri. Ruba ta ce kada ta damu, ƙarar ma daɗi take yi masa, tana tuna masa da tasha. Ta ce abin da ke sa shi hawaye daban ne: mutumin da bai taɓa tsallake shekara bai je ziyara Madina ba, yanzu ba motar da zai iya zama a cikinta na awa biyar. Mastura ta ce Allah ya ba shi lafiya, amma hankalinta yana kan tukunya.

Ranar Talata da hantsi injin jan ruwa ya zuƙi iska ya tsaya. Mastura ta yafa mayafi ta fita. Ta gaya wa Na'ibi a gaban mai walda cewa in gari ya waye motar na nan, da kanta za ta buga wa Abdulmohsen waya ya aiko a ja kayansa. Na'ibi ya buɗe ƙofar da ya mayar, ya rufe, ya sake buɗewa, ya ce, "Halas, shi ke nan."

Ba ta yarda ba. Amma Laraba da ƙarfe bakwai ta ji hon a ƙofar gidanta. Wayit ce, lungu kuwa fayau, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Direban ya ce dattijon ne ya je ya kama musu layi bayan sallar asuba. Tana tsaye tana jin ruwa na zuba a tanki sai ga Mus'ab da hannu a kuje. Ya ce su huɗu suka ɗauko gadon Ammu Abdulghaffar, da shi a kai, daga soro kai tsaye zuwa cikin motar. Ƙofar motar ce ba ta isa gadon ya shiga ba, shi ya sa Baba ya ƙara mata faɗin santimita goma sha biyu. Ruba na zaune a gefen mijinta, sun kama hanyar Madina.

"Gobe sunan jikansa," in ji Mastura, "shi kuma ya yi Madina." Ta juya ta ɗora tukunyar wanka, ta cika ta har baki.

Alhamis da ƙarfe shida da rabi na safe motar ta dawo, da baya, madubi a naɗe. Mastura ta fito da ludayi a hannu, ta shirya abin da za ta faɗa tun jiya. Aka sauko da gadon. Abdulghaffar ya rame, idonsa ya yi ja, akwai ƙunshin dabino a kan cinyarsa. Kafin a shige da shi soro ya ɗaga hannun da ke motsi ya kama rigar Na'ibi. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan ya ce, "Madalla."

Na'ibi ya gyara masa matashi.

Mastura ta tsaya ta dubi mazan biyu, ta tuna da filasta da kwanon tuwo. Ta nuna bakin lungu da ludayin ta ce, "Yalla, maza, Abu Mus'ab, minti ashirin na ba ka. Ka fitar da ita kafin mutanen Mahjar su iso."