Shirun da ke cikin waƙar Yaya Tanimu

Daminar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da muka kai Yaya Tanimu makwancinsa, a ƙauyenmu da ke kusa da Kunci. Ku mutanen birni kun san shi da Tanimu Mai Ganga na rediyo. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni nake yi masa amshi tun da na gudo daga aji huɗu na firamare. In kun ga rubutun ya karkace, iyakar bokon ke nan.

Bari in faɗi abin da ke cina. Yau da wuya ka shiga situdiyo a Kano ba ka ga hotonsa a bango ba. Kowane mai fiyano "Babanmu Tanimu" yake cewa. Ranar jana'iza kuwa ban ga ƙeyar ko ɗaya ba, manoma ne suka ɗauki makara. Wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda suka yi da waƙoƙinsa. Yaya makaɗin noma ne tun rediyo ba ta san shi ba. A wurin gayya yake tsara waƙa, yana tafiya da baya a gaban masu garma, kuma duk bayan baiti biyu sai ya yi shiru, ganga ma ta ɗauke. Da samarin nan suka samu tsofaffin kaset, sai suka zaci kaset ɗin ne ya lalace. Suka sa kwamfuta suka yanke shirun kaf, wai sun gyara.

Da yana raye dariya zai yi har hularsa ta faɗi. Shi ba ya riƙo. Ni ne mai riƙon a gidanmu.

Akwai waƙa guda da ya yi shekarar fari, lokacin da gero ya bushe a tsaye. Ba a taɓa ɗaukarta a kaset ba. Mu uku muka yi amshinta, biyu sun rasu, ni kuma tari ya fara cin muryata. Na ƙudurta gara ta bi ni kabari da in ba masu yankan nan.

Bara wani mawaƙi daga Bacirawa, Nazifi, ya ji labarinta, ya yi ta sintiri gidana. A zuwa na uku na ce ya same ni ranar Asabar a gonar maƙwabcina Malam Idi. Tsadar nan ta dawo mana da gayya, tunda babu mai iya ɗaukar 'yan ƙwadago.

Ya zo cikin farar shadda, waya a hannu. Na karɓe wayar na miƙa masa garma.

"Baba, ni fa mawaƙi ne."

"Yaya ma mawaƙi ne. Shiga layi."

Na rataya ganga, na fara rera ta irin gyaransu, ba tsayawa. Ba a kai rabin kunya ba kowa ya fara haki. Malam Idi ya daka mini tsawa: "Kai Sale, kashe mu za ka yi a gonata?" Sai na koma yadda Yaya ya yi ta. Baiti biyu, na ɗauke. Mutum ashirin suka miƙe lokaci guda, suka ja iska, suka sake sunkuyawa. Nazifi ya dafe ƙugu, shadda ta zama ja, ya kalle ni.

"Baba, ashe wurin numfashi ne."

"A'a," in ji Malam Idi, "kaset ne ya lalace."

Har ni sai da na yi dariya, abin da mutanen garinmu suka daɗe ba su gani ba. Ya noma kunya shida kafin in mayar masa da wayarsa, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Sannan na rera masa ita daga farko har ƙarshe.

Waƙar ta fita. Fiyano ya yi yawa, muryar yaron kuma siririya ce, da Yaya na nan zai ce a ƙara masa tuwo. Amma bai taɓa shirun ba, ko da abokansa suka ce 'yan rawa ba za su so ba. Shekaranjiya na wuce wata gona, an rataya waya a reshen gawo tana yin ta, wasu 'yan'uwa uku suna maimai. Ba su san ni ba. Waƙa ta ɗauke, suka miƙe tare.

Na tsaya na yi tunani, ashe abin da ya rage na Yaya ke nan: mutum ne da in yana waƙa gadon bayan mutane yake kallo, ya san lokacin da suka gaji. Allah ya hutar da shi kamar yadda ya hutar da mu.