Iya Tasalla, Wadda Ta San Inda Cibiyarmu Take

Ina zaune a biro, ofishin Nasara, a Magariya, ina kwafe sunayen mutanen Tudun Ɗinya cikin littafin ƙidaya, sai gardi mai tsaron ƙofa ya leƙo ya ce wani mai jaki yana nemana. Ilu ne, ɗan ƙanin mahaifina. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya Mamman, sai haƙuri. Iya Tasalla ta cika jiya da hantsi, har an kai ta." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga na nemi izini wurin kumandan, Baturen Faransa mai mulkin yankinmu, ya ce in ƙarasa shafin tukuna. Na zauna na ƙarasa, kuma sunanta yana cikin shafin.

Wanda bai san Tudun Ɗinya ba, ba laifinsa ba ne. Ƙauye ne ɗan ƙarami gabas da Magariya, wajen Dogo-Dogo, a kan tuddai uku na jan yashi. Akwai Tudun Gari inda masallaci yake, da Tudun Maƙera, da Tudun Kuka wanda ke kallon kudu. A kwarin da ke tsakaninsu rijiyarmu take, ita ɗaya tak. Mota ba ta hawa, doki ma sai an ja shi. Daga kan Tudun Kuka mutum yana hango itatuwan ƙasar Ingilishi a ƙetaren iyaka, kuma wannan hangen shi ya cinye mu. Tun shekarun aikin tilas mutane suke gangarawa can. Yau a ce gidan wane ya tashi, gobe a tarar da ɗakin wane a buɗe, akuya tana kwance a ciki.

Iya Tasalla ita ce ungozomar tuddan nan uku. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ban san mutum ɗaya a garinmu, daga sa'o'in mahaifina zuwa na goye, wanda ba hannunta ya fara taɓa shi ba. Ƴar gajeriya ce, mai faɗa, ba ta raga wa kowa. In haihuwa ta zo, mai gari ma kora shi take yi daga ƙofar gidansa. Ita ke yanke cibi, ita ke wanka, ita kuma ke haƙa rami a bayan ɗakin mai jego ta binne mahaifa da cibiya. Ba ta taɓa yarda wata ta riƙe mata fartanya ba. Idan ta rufe ramin sai ta dafa wurin da tafin hannu ta ce, "To, kai ma ka zama namu."

Ba ta manta ko ɗaya ba. Ɗaki ya rushe, yashi ya binne danga, gida ya koma gona, amma Iya za ta tsaya cikin karan gero ta nuna ƙasa da sanda ta ce nan ta wane take. Wanda duk ta ji yana shirin ƙetare iyaka, ba ta hana shi. Hawa take yi har gidansa, da ciwon gwiwarta, ta kama hannunsa ta kai shi bayan ɗakin uwarsa ya gani da idonsa. Ta kan ce, "Ni ban san wanda ya tafi ba. Na dai san wanda bai dawo ba tukuna."

Lokacin da aka kama ni aka kai ni lakwal, makarantar Nasara, uwata tana kuka, Iya ce ta daka mata tsawa. "Ke, rufe mana baki! Ƙafarsa suka ɗauka, cibiyarsa tana bayan ɗakinki."

Abin da ke cin raina shi ne ƙidayar bara. Kumandan ya zo da kansa, ni ne mai riƙe littafi, ni ne kuma tafinta. Aka tara mutane ƙarƙashin ɗinyar da garin ya ci sunanta, wallahi inuwar ma ba su cika ta ba. Ina kiran suna, wanda yake nan ya amsa, wanda ba ya nan in ja masa layi. Na kira Audu Maƙeri, wanda ya yi shekaru a ƙetare. Shiru. Sai muryar Iya daga bayan mata: "Yana nan." Na kira matarsa, ta ce tana nan. Na kira ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya, duk ta amsa musu.

Kumandan ya ce in tambaye ta ina suke. Ta miƙe, ta nuna kangon da ke kan Tudun Maƙera, ta ce, "Gaya wa Nasara, shi kai yake ƙirgawa, ni cibiya nake ƙirgawa. Ya zo in nuna masa, garin nan a cike yake."

Ban gaya masa ba. Na ce da shi tsohuwa ce, tsufa ya taɓa ta. Ya yi dariya, na ja layi a kan gidan Audu duka. Iya ba ta jin Faransanci, amma ta ji dariyar. Ta dube ni ta ce, "Mamman, da wannan hannun na wanke ka." Ban iya ɗaga kai ba.

Da za mu tashi, ta aiko a kira ni. Na zata faɗa za ta yi. Ashe fura ta dama mini. Ta ce, "Sha. Ka biyo ni in nuna maka taka, tun ina da ƙafa." Na ce kumandan yana jira, sai na dawo. Ta ce Allah Ya kai mu. Ban koma ba sai ranar da Ilu ya zo da jaki.

Lissafin da na rubuta ran nan shi ya tafi Damagaram, amsarsa kuwa ta iso tun kafin Iya ta kwanta ciwo. An ce garin ya yi ƙanƙanta, ga shi a ɓoye cikin tuddai, don haka bayan kaka a saukar da mutanensa bakin hanyar mota a haɗa su da wani gari. Na ga takardar da idona. Na roƙi kumandan, ya ce ba shi ya sa hannu ba. Me zan yi? Ni ɗan biro ne kawai. Na ɓoye maganar a cikina, ina cewa gara kada tsohuwa ta ji.

A wurin zaman makoki Ilu ya jawo ni gefe. Matarsa Hadiza tana da tsohon ciki, watan nan ake sa rai. Ya ce, "Yaya, babu mai karɓar haihuwa yanzu. Zan kai ta wurin iyayenta a ƙetare." Ban hana shi ba. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Da la'asar na hau kangon gidanmu. Uwata ta daɗe da rasuwa, ɗakinta ko alamarsa babu. Na tambayi dattawa inda aka binne cibiyata, suka ce wannan sha'anin mata ne. Na tambayi matan, suka ce ai Iya ce ta sani. Na zagaya wurin har sau uku, yashi ne kawai da tafasa.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Tasalla. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka karɓe ta da tausayin da ta karɓe mu. Ba ta bar ɗa ba, mu ne iyalinta, na kan tudu da na ƙetare, Ka ba mu haƙurin rashinta. Ka sauki Hadiza lafiya, ko a wace ƙasa ce. Ni kuma Ka sa Iya ta yafe mini, Ka ba ni ƙarfin tsayawa ƙarƙashin ɗinyar nan bayan kaka, domin ni aka ce in karanta musu takardar. Amin.