Tambarin da Malik Sarbuland Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, ana shirin sallar la'asar, Allah ya karɓi ran dattijon garinmu, Malik Sarbuland Khan, a gidansa da ke Darra, garin maƙeran bindiga, bayan gajeriyar jinya. Ina shagona ina goge ƙotar bindiga sai na ji kasuwa ta yi tsit. Garin da tun safe har magariba maƙera ke harba sabon aikinsu sama don gwaji, sai ga shi ko ƙarar magagari ba ka ji. Na leƙa hagu, Usta Zarwali (Usta muke ce wa gwanin maƙeri) yana sauke ƙofar shagonsa. Na leƙa dama, Usta Janas yana sauke tasa. Babu wanda ya kalli wani. Nan take na san ba kuka kaɗai ke jiranmu ba.

Malik, alherinka ba baƙo ba ne a wajen kowa. Ɗakin baƙinka bai san kwaɗo ba, kuma direbobin da motarsu ta mutu a hanyar Kohat sun fi wasu danginka sanin ɗanɗanon shayinka. Ranar da haihuwa ta zo wa matata da gardama, motarka ce ta kai ta asibiti, kai kuwa ka taka da ƙafa zuwa wajen zaman dattawa. Da na zo godiya, cewa ka yi, "Shamroz, mai katako a garin ƙarfe, tafi ka raɗa wa yaro suna, ka bar ni in sha shayi." Hannu ɗaya gare ka. Na hagu, bindiga ce ta fashe ta tafi da shi tun kana saurayi. Da na daman kake ci, da shi kake gaisawa, da shi kake raba faɗa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar maƙwabtana biyu.

Zarwali da Janas 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma duk Darra babu na uku a ƙera ƙaramar bindiga ta manyan mutane, irin wadda ake yi wa mutum daidai tafin hannunsa. Zarwali gwanin bututu ne, harsashinsa ba ya karkata. Janas gwanin gangar jiki da kunama ne, in ka taɓa aikinsa sai ka ji kamar ka sa yatsa a man shanu. Kakansu ya bar tambari guda, ɗan ƙarfe kamar yatsa da ake bugawa a jikin bindiga, kuma kowanne ya ce shi ne magajinsa. Daga cacar baki aka kai ga harbi, har yau ɗan Janas, Rozi, ɗingishi yake yi saboda harsashin gidan Zarwali. Dattawa suka karɓe tambarin suka ba ka amana, sai ranar da su biyun suka shirya. Ni kuwa Allah ya ajiye shagona a tsakaninsu, ina sassaƙa wa kowanne ƙota. Duk harsashin da ya tashi daga hagu zuwa dama, ta kaina zai bi.

Ana cikin wannan zaman doya da manja ka ce kana son bindiga don ɗanka Bakhtawar, da ya zama magidanci. Kafin azahar labari ya game kasuwa. Yaro ma ya san wannan ya wuce ciniki. Wanda mai riƙe da tambari ya zaɓa, shi ya ci gado, wanda aka bari kuwa 'ya'yansa ba za su haɗiye ba. In ka tafi wajen wani maƙerin daban, ka zagi su biyun. Har a raina na ji haushinka, na ce wannan dattijo me ya kai shi tsokano tsuliyar dodo?

Ka zo ka zauna a bencina, ka sa aka kira su. Kowanne ya tsaya a bakin nasa shagon, 'ya'yansu a bayansu, hannuwa cikin mayafi a kan makamai.

Zarwali ya ce, "Malik, in bindiga kake so, ga ƙofata. In abin wasan yara ne, ga ta can."

Janas ya ce, "Bututun murhu ma bututu ne, ɗan baffa. Sai dai ba a kai wa Malik."

Ka kurɓi shayi ka ce, "Kun gama? To Zarwali, yi mini bututu. Janas, yi mini sauran. Shamroz ya yi ƙota, tunda shi ba ya faɗa da kowa sai matarsa."

Babu wanda ya yi dariya. Zarwali ya ce, "Wa zai yi harbin farko? Ni dai ba zan sa hannuna a aikin da ban ga cikinsa ba." Tambayar tana kan hanya, domin a garin nan maƙeri ne ke fara harba abin da ya ƙera, in akwai aibi ya ci hannunsa kafin na mai saye.

Ka ɗaga hannunka guda ka ce, "Wannan."

Makonnin da suka biyo baya ban yi barcin kirki ba. Ni ne ɗan aike, in ɗauko awo daga hagu in kai dama, kowanne yana karɓa da yatsu biyu kamar na miƙa masa mushe. Kowanne yana zargin ɗan'uwansa zai saɓa awo da gangan don a ɗora masa laifi. Na same ka na roƙe ka ka bari a ɗaure ta a jikin itace a ja kunamar da igiya. Ka ce, "Itace ba shi da dangi, Shamroz. Wa zai ji tsoron raunata shi?"

Ranar gwaji titi ya cika, har kan rufin shaguna. Na ɗaura ƙota, na miƙa maka bindigar. Bakhtawar ya sa maka harsashi, fuskarsa ta yi fari fat. Kowa ya san in ta fashe, ka zama mutumin da za a riƙa ba abinci a baki, kuma danginka ba za su tsaya bincikar na wa ne laifi ba. Ka ɗaga ta sama. Na ga yatsarka ta sauka a kan kunama.

"Malik, tsaya!" Muryar Janas ce. "Don girman Allah tsaya. Ban ga yadda bututunsa ya zauna ba."

Zarwali ya ce, "Ni ma ban ga mazaunin da ya yi masa ba."

Ba ka sauke hannu ba. Ka ce, "Wa ya hana ku gani?"

A tabarmar shagona suka zauna, gwiwa da gwiwa, suka warware ta. Sun daɗe suna dubawa, wannan ya nuna da farce, wancan ya miƙa hannu a ba shi magagari. Ban san abin da suka gyara ba, ban kuma san aikin wa ne ba, su ma ba su taɓa faɗa ba. Da suka mayar da ita, kowanne ya ce shi zai harba, ka hana. Ka harba sama har harsashi ya ƙare, hannunka lafiya lau.

Aka ce saura tambari. Ka ce, "Tambari ɗaya ne, maƙera biyu. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buga guduma." Wanda ya san sana'ar ya san me ka nema, mutum ya ajiye yatsun da yake ci da su a ƙarƙashin gudumar abokin gabarsa. Suka sunkuyar da kai. Ba ka matsa musu ba, ka mayar da tambarin aljihu. Shekaru suka wuce, harbi ya tsaya, suna gaisawa sama-sama, bindigar kuwa tana wajen Bakhtawar ba tambari. Mun san albarkacinka muke ci, shi ya sa ranar Talata na tsorata.

Ran sadakar uku Bakhtawar ya shigo kasuwa da bindigar da tambarin, ya ajiye su a kan uwar maƙera a ƙofar shagona. Ya ce, "Baffannina, mai amana ya tafi, ni kuwa ban kai in riƙe ba. Ku faɗa mini wanda zan ba." Samarin gidajen biyu suka matso, hannuwa cikin mayafi kamar wancan karon.

Zarwali ya tako a hankali, ya ɗauki tambarin ya kafa a jikin bindigar, ya riƙe da yatsu uku. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗan baffa, ina gudumarka?"

Janas ya ɗauko ta, amma hannunsa rawa yake yi, tsufa ya kama shi. Ya juya ya miƙa wa ɗansa Rozi, mai ɗingishin nan. Na ji wani a bayana ya ja numfashi. Zarwali ya dubi ƙafar Rozi, ya dubi gudumar, bai janye yatsunsa ba. Ya ce, "Buga, ɗana."

Bugu ɗaya ya yi, tambari ya fito raɗau. Zarwali ya duba yatsunsa, sai ya rufe fuska da su ya fashe da kuka, mu ma muka taya shi. Malik, na so a ce ka gani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da Bakhtawar da 'yan'uwansa mata, da jikokinka, da mutanen Darra baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya dawwamar da sulhun da ka bari. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Hannun daman nan da ka ɗaga sama saboda mu, ya Allah ka miƙa masa littafinsa a cikinsa. Amin.