Hoton da Aka Ɗauke Ni a Hanyar Dundaye

Ko shekara nawa zan yi a duniya, abin da ya same ni a wata damina ba zai fita daga raina ba. Lokacin ina malamar gona a Sakkwato, aikina koya wa matan Dundaye renon irin shinkafa. Wata rana motar ofis ta lalace, sai wani abokin aikina ya goya ni a babur don kada matan su yi ta jira.

Ban san an ɗauke mu hoto ba. Washegari ƙanwata ta miƙo mini wayarta. Ga ni a shafin sada zumunta, an rubuta wai matar aure ce ke yawon banza da sunan aikin gwamnati. A ƙasa kuwa zagi ne iri-iri daga mutanen da ba su taɓa ganina ba, har da masu tambayar unguwarmu.

Maigidana ya tsaya mini, domin da saninsa na hau babur ɗin. Abin da ya karya mini zuciya shi ne ranar da na koma Dundaye na tarar da rumfar koyarwa babu kowa. Wata tsohuwa ce ta leƙo ta gaya mini mazajensu sun hana su zuwa. A nan na share hawayena na ce sai na kai ƙara.

'Yan uwa suka yi ta ba ni baki, wai mace mai mutunci ba ta zuwa kotu, in bar wa Allah. Yanzu na gane tsoron surutu ne ya sa su faɗin haka, amma a lokacin ya yi mini ciwo. Da 'yan sanda suka gano mai shafin, ashe wani ɗan kasuwa ne magidanci da ban taɓa haɗa hanya da shi ba. Ya ce shi wasa yake, mabiya yake nema.

Dattawan unguwarsu suka zo gidan mahaifina a Ƙofar Rini neman sulhu. Baba malami ne mai son a yafe, don haka na ɗauka zai ce in janye. Sai ya sa aka kira ni, ya tambaye ni a gabansu: "Ɗiyata, ke anka yi ma ƙazafi. Mi kike so a yi?"

Na ce, "Baba, a bainar jama'a ya ɓata ni. Ina son alƙali ya wanke ni a bainar jama'a. Yafiya ta biyo baya."

Baba ya dubi baƙinsa ya ce sun ji.

Shari'ar ta ja lokaci, na sha kallo da tsegumi, amma ban fasa zama ko ɗaya ba. A ƙarshe alƙali ya same shi da laifin ɓata suna, ya yanke masa hukunci, ya kuma umarce shi ya ƙaryata kansa a shafin da ya yi ƙaryar. Bayan nan na yafe masa har zuciyata.

Abin da na koya shi ne, kowa na da damar sukar aikina, ba zan kai shi ko'ina ba. Amma wanda ya ƙaga ƙarya ya yaga mutuncin wani, laifi ya yi, ko da baki ya yi ko da waya. Idan wanda aka zalunta ya yi shiru, gobe wata za a ɗauka hoto.